Galan Biyu na Masara: Daga Detroit Zuwa Duluth a Gab da Farautar Barewa

A farkon Nuwamba, ana saura kwanaki a buɗe farautar barewa da bindiga, na bi mota daga Detroit zuwa Duluth ta arewa: titin I-75 har gadar Mackinac da ta haɗa kudancin jihar Mishigan da arewacinta, daga nan na yi yamma a kan US-2. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma jihohi uku take ratsawa, Mishigan da Wiskonsin da Minesota. Amma a kan maganar zuba wa barewa abinci, dokoki huɗu mutum ke ketawa. Bokitin masarar da ba laifi ba ne a wannan gari, ka matsa gaba da shi ya zama abin da za a ƙwace maka bindiga a kansa.

Barewar can mai farar wutsiya ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba. Namijin ne kawai ke da ƙaho, mai rassa, yana zubar da shi a cikin hunturu ya sake fitar da sabo. Abin da ya kamata mutum ya fara riƙewa shi ne, a dokar Amurka naman daji ba na mai gona ba ne, ko da a gonarsa ya kwana ya tashi. Na jama'ar jiha ne baki ɗaya, gwamnatin jiha ke riƙe da shi amana. Shi ya sa ake iya cin mutum tara don ya zuba masararsa a filinsa. Kuma shi ya sa babu doka ɗaya ta ƙasa a kan barewa. Kowace jiha da tata, wani lokaci kowace gunduma.

Abu biyu dokokin ke rarrabewa. Akwai koto, wato abincin da maharbi ke zubawa don barewa ta saba zuwa wuri ɗaya ya harbe ta. Akwai kuma ciyarwa, wadda ba harbi a cikinta: mutum ya zuba a bayan gida don ya riƙa kallonsu ta taga, ko don tausayinsu a lokacin sanyi. Wata jiha ta hana na farko ta bar na biyu, wata ta hana duka.

Da an wuce Flint aka doshi Saginaw da Bay City, ƙasar ta baje, sai gonaki. Nan ne cibiyar noman dankalin sukari, wata farar saiwa da ta kai girman kan yaro wadda ake tatsar sukari daga cikinta. A lokacin da na wuce ana tsakiyar kwashewa, an tara shi tsibi-tsibi kamar tuddai a bakin ma'aikatu. Daga nan zuwa arewa, gidajen mai da kantunan bakin hanya da yawa sun jera buhuna a waje: dankalin sukari, karas, tuffa, masarar da aka sussuke, da dunƙulen gishirin lasa. Buhun masara yakan zo a fam 40 ko 50, wato kilo 18 zuwa 23. Kowa ya san wa aka jera wa.

Abin mamakin shi ne, a duk wannan ɓangare na Mishigan da ke ƙasan gada, wato kudu da gadar Mackinac, zuba wa barewa abinci haramun ne, na koto da na ciyarwa, a filin gwamnati da na mutum, tun 31 ga Janairun 2019. An bar ƙofa ɗaya ga maharba masu naƙasa a wasu gajerun farauta na musamman da ake yi a Satumba da Oktoba. Sai dai dokar zubawa ta hana, ba ta hana sayarwa ba. Mai kanti bai yi laifi ba, wanda ya saya bai yi laifi ba, har sai ya kwance bakin buhun a daji. A ganina wannan ne babban raunin dokar, don ba a hana abu da gaske alhali an bar shi jere a bakin kowane famfon mai.

Hanin ba yau ya fara ba. A Agustan 2008 aka sami CWD, wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu, a jikin wata barewar kiwo a gundumar Kent, nan take aka hana koto a duk ƙasan gada. A 2011 aka janye, aka ƙayyade galan biyu. A 2015 cutar ta ɓulla a barewar daji a gundumar Ingham, kusa da Lansing babban birnin jihar, daga nan aka yi ta samunta a wasu gundumomi. A Agustan 2018 Hukumar Albarkatun Ƙasa ta jihar ta kaɗa ƙuri'ar mayar da hanin. Ikon wannan hukuma daga jama'a ya fito, don a 1996 masu zaɓe suka amince ita za ta riƙa tsara dokokin farauta bisa binciken kimiyya. Majalisar jihar ta yi ƙudurin soke hanin a 2019, gwamna Gretchen Whitmer ta ƙi sa hannu a Disamba. Rigimar ba ta mutu ba, kusan kowace shekara sai an tayar da ita, don haka mai niyyar farauta ya nemi littafin dokokin shekarar da yake ciki, kada ya dogara da na bara.

A Gaylord na bar babban titi na yi gabas a kan M-32, ta Atlanta zuwa Alpena, saboda a nan asalin maganar take. Daji ne na yashi da itatuwan fayin, mutane ƙalilan, manyan filaye a hannun ƙungiyoyin farauta masu zaman kansu. Shekaru da dama waɗannan ƙungiyoyi suna kawo abinci mota-mota suna jibgewa a lokacin sanyi, har bareyi suka yi yawan da dajin ba zai iya ɗauka ba. A 1975 an taɓa samun tarin fuka na shanu a jikin barewa ɗaya a gundumar Alcona, aka ɗauka tsautsayi ne. A 1994 aka sake samu a gundumar Alpena, da aka bincika sai aka tarar cutar ta zauna daram a cikin bareyin daji, tana yawo a tsakaninsu ba tare da ta buƙaci shanu ba. A 1998 ta tsallaka garken shanu, a 2000 Mishigan ta rasa matsayinta na jihar da ba ta da cutar, abin da ya jawo wa makiyaya gwaje-gwaje da takunkumin fitar da shanu.

Yadda tsibin abinci ke yaɗa ta ba boyayyen abu ba ne. A daji barewa tafe take tana tsinkar ganye, nan ɗaya can ɗaya, da wuya bakinta ya sauka inda na wata ya sauka. A kan tsibi kuwa hanci na gogar hanci, wannan ta yi tari a fuskar waccan. Dankalin sukari ya fi kowanne muni, don barewa ba ta iya cinye shi a zama ɗaya. Ta gatsa ta bar sauran da yawunta, wata ta zo ta ɗora. Ƙwayar cutar kuma tana yin makonni da rai a jikin abinci idan akwai sanyi. Da aka hana ciyarwa a yankin a ƙarshen shekarun 1990 aka kuma ƙara yawan matan da ake harbewa, adadin masu cutar a tsakiyar yankin, inda gundumomin Alcona da Alpena da Montmorency da Oscoda suka haɗu, ya sauko daga kusan kashi 5 cikin ɗari a 1995 zuwa wajen kashi 2. Daga nan ya toge, bai ƙare ba har yau.

Maharban yankin sun san abin dubawa idan sun farke ciki: ƙulluttai masu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa a jikin huhu da bangon haƙarƙari. Amma yawancin masu cutar ba sa nuna komai a ƙirji, sai an kai kan wurin gwaji an duba kaluluwar da ke cikinsa. Ana sa safar hannu wajen fiɗa, domin an sami maharba ƙalilan a jihar da suka kamu da cutar daga barewa.

CWD kuwa wani abu ne daban, kuma ita ce ta fi tsorata hukumomi. Ba ƙwayar cuta ce mai rai ba. Wani furotin ne da ya lanƙwashe ba daidai ba, ana ce masa firiyon, idan ya shiga jiki sai ya riƙa lanƙwasa 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta zama rami-rami. An fara lura da ita a 1967 a wasu bareyin da ake tsare da su don bincike a Fort Collins, jihar Kolorado. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, duk wadda ta kama sai ta mutu. Matsalar ita ce barewa takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu tana yawo lafiya lau a ido, alhali tana zubar da firiyon a yawu da fitsari da kashi. Sai can ƙarshe take ramewa, kunnuwa su faɗi, yawu na dalala, ta daina tsoron mutum. Firiyon ɗin yana manne wa ƙasa ya yi shekaru, rana ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi. Ke nan wurin da aka yi ta zuba masara shekara da shekaru, ko ramin da bareyi suka tona suna lasar gishiri, yana iya ci gaba da harbin dabbobi bayan mai wurin ya daɗe da daina zubawa. Ba a tabbatar ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya na Amurka sun ce kada a ci naman wadda gwaji ya nuna tana da ita.

Masu adawa da hanin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa bareyi dama suna lasar juna, suna haɗuwa a gindin bishiyar tuffa ɗaya, mazan suna shafa fuska a reshe ɗaya. Suna kuma cewa hanin ya fi cutar da talakan maharbi mai 'yar eka biyar ko mai farauta a dajin gwamnati, domin doka ta halatta shuka. Mai babban fili da tarakta zai iya nome eka ɗaya ko biyu ya shuka ciyawar kuloba ko alkama ko masara, ya bar ta a tsaye don bareyi, ya kafa maɓoyarsa a gefe, ba wanda zai ce masa uffan. Wannan ƙorafi na rashin daidaito gaskiya ne. Amma ta fuskar cuta ba ɗaya ba ne: eka guda ta fi murabba'in mita 4,000, kuma abin da aka cinye a cikinta ya tafi ke nan, tsibi kuwa kullum ana sake cika shi a daidai inda yawun jiya ya zuba.

Kama mai koto ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Jami'an ma'aikatar albarkatun ƙasa, wadda kowa ke kira DNR, suna shawagi da ƙaramin jirgi, kuma karas ko masara a kan dusar ƙanƙara daga sama ake hango su, ga sawun bareyi sun nufo wuri ɗaya ta kowace kusurwa. Sauran kuma maƙwabta ne ke kai rahoto, don wanda ya bi doka yana ganin bareyin unguwa sun ƙaurace masa sun koma wurin wanda bai bi ba. Ban da tarar koton kanta, barewar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tana da diyya a Mishigan: dala 1,000, a ƙara wata 1,000 idan mai ƙaho ce, sannan dala 500 a kan kowane tsini idan tsinayen ƙahon 8 zuwa 10 ne, 750 idan sun kai 11. Namiji mai tsini 10 ya tashi dala 7,000 ke nan, ga rasa lasisi.

Gadar Mackinac, wadda aka buɗe a 1957, tsawonta kusan kilomita 8 ne, Tafkin Mishigan a hagu, Tafkin Huron a dama. Ana biyan kuɗin gada a St. Ignace, kuma daga nan koto ya halatta. Jiha ɗaya ce, lasisi ɗaya, ma'aikata ɗaya, ruwa ne kawai ya raba. Dalili shi ne cututtukan ba su kafu a arewacin gada ba. An sami barewa mai CWD a gundumar Dickinson a Oktoban 2018, dab da iyakar Wiskonsin, aka hana koto a kewayen na wasu shekaru, daga baya aka janye.

Halaccin yana da sharuɗɗa, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Lokacinsa daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Janairu. Yawansa kada ya wuce galan biyu a wurin farauta ɗaya, wato lita bakwai da rabi. Idan masara ce, kilo biyar da rabi ke nan ko kusa da haka. Ba galan biyu a rana ake nufi ba, galan biyu a ƙasa a kowane lokaci. Wanda ya zuba biyu jiya, bareyi suka ci rabi, yau ɗaya kawai zai ƙara. Bokitin da ya fi yawa a hannun mutane na galan biyar ne, wanda ya cika shi ya juye ya ninka ƙa'ida sau biyu da rabi. Dole kuma a watsa a ƙasa, a fili aƙalla ƙafa 10 tsawo ƙafa 10 faɗi, wajen mita uku-uku, ba a tsiba ba. An yarda da injin da ke feso hatsi a kan lokaci, muddin abin da ya tara a ƙasa bai haura galan biyun ba. Gishiri da sinadaran lasa su ma koto ne a dokar Mishigan, suna shiga lissafi. Mai ciyarwa don kallo shi ma galan biyu ne, a filinsa, cikin yadi 100 daga gidansa, kuma nesa da yadi 100 daga inda shanu ko tumaki ko dawaki ke iya kaiwa.

Waɗanda suka iya aikin ba sa ma kai galan biyun. Sukan zaɓi wuri kusa da hanyar da bareyi dama ke bi tsakanin makwanci da makiyaya, su kafa dakalin ƙarfe a jikin bishiya ko rumfar ɓuya ta inda iska za ta kwashe warin mutum ta yi gaba da shi, ba ta kai shi wurin abincin ba. Mai baka yakan bar tazarar yadi 20 ko makamancin haka, mai bindiga ya ninka sau uku ko huɗu. Ana zubawa da tsakar rana, kaɗan, a lokaci ɗaya kullum, da takalmin roba, ta hanya ɗaya. Hikimar ƙaranci ita ce gasa: idan abincin na ƙarewa da wuri, barewar da ke so dole ta fito da sauran haske. Wanda ya jibga da yawa ya koya musu cewa ba sauri, sai su bari dare ya raba su zo su ci, kyamarar da ya ɗaure a bishiya ta cika da hotunan ƙarfe biyun dare, shi kuma ya wuni a sama bai ga komai ba. Harbi kuwa daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Gundumomi huɗu na yamma da ke iyaka da Wiskonsin agogonsu na baya da awa ɗaya, abin da baƙo ke mantawa.

Sauran matsalolin na kayan ne. Masarar da ta jiƙe a tsibi tana yin fumfuna, kuma gubar fumfuna ta fi kashe talo-talon daji da ƙananan tsuntsaye fiye da barewa. Tuffa na ruɓewa da wuri idan an yi ɗumi. Dankalin sukari na daskarewa ya zama dutse a tsananin sanyi, shi ya sa ake sassara shi. Kafin beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, ta shiga barcin hunturu, ita ke riga kowa zuwa, ta cinye ta kuma fasa injin. Manyan maza masu shekaru, waɗanda ake yin duk wahalar dominsu, su ne suka fi ƙin tunkarar koto da rana. Yawanci mata da 'ya'ya da ƙananan maza ake gani.

Daga St. Ignace zuwa Manistique da Escanaba hanyar na bin gaɓar Tafkin Mishigan, ana ratsa fadamu masu duhun itatuwan sida. A irin waɗannan wurare bareyi ke taruwa idan dusar ƙanƙara ta yi zurfi, suna cin ganyen sida da ƙananan rassa, suna rage motsi, suna rayuwa da kitsen da suka tara. Nan ne ciyarwar tausayi ke yin ɓarna. Barewa mai tuƙa ce, ƙananan halittun da ke tumbinta su ke narkar da abinci, kuma suna sauyawa a hankali bisa abin da take ci. Tumbin da ya yi wata biyu a kan rassa, idan aka cika shi da masara farat ɗaya, sai ya yi tsami, ruwan jiki ya tsiyaye cikinsa, dabbar ta mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku da cikinta cike. Duk mai turkar rago ya san abin da ke faruwa ran da ragon ya kwance ya sami buhun dawa a buɗe. Sauyin abinci na buƙatar makonni, a fara da kaɗan, kuma wanda ya fara ba shi da damar dainawa a tsakiyar sanyi, don ya riga ya janyo su daga mafakarsu. Ƙari a kan haka, manya ke korar ƙanana daga abincin, ga tsallaka titi kullum a wuri ɗaya.

Bayan Iron Mountain titin US-2 yakan kutsa Wiskonsin na ɗan lokaci ta gundumar Florence, ya koma Mishigan, sai a Ironwood ya fita gaba ɗaya zuwa Hurley da Ashland. A Wiskonsin ba gada ce ke raba doka ba, taswirar gundumomi ce, kuma taswirar na motsi. An gano CWD a jihar a Fabrairun 2002, a jikin bareyi uku da aka harba a kakar 2001 kusa da Mount Horeb, yamma da Madison. Tsarin da suke kai yanzu shi ne: duk gundumar da aka sami cutar, a barewar daji ko ta kiwo, an hana koto da ciyarwa a cikinta wata 36, gundumar da ke maƙwabtaka, idan tana cikin mil 10 daga wurin, wata 24. Wa'adin ya shigo ne da dokar 2017, kafin nan hanin ba shi da ranar ƙarewa. Duk sabon kamu yana mayar da lissafin farko. Daga cikin gundumomi 72 na jihar, mafi yawansu suna ƙarƙashin hani. Yana iya sauka a tsakiyar lokacin farauta, mutum ya zuba halal a farkon wata ya wayi gari da haram a ƙarshensa.

Inda ya halatta, nan ma galan biyu ne, amma da ƙarin igiyoyi. Galan biyu ga kowace eka 40, wajen hekta 16. Wuraren zubawa biyu kada su kusanci juna ƙasa da yadi 100. Kada a zuba cikin yadi 50 daga hanya ko sansanin da jama'a ke amfani da shi, ko cikin yadi 100 daga titin da aka yarda a yi gudun mil 45 a awa ko fiye. Ba a farawa sai ana jajibirin buɗe farautar baka a tsakiyar Satumba. Injin feshi da mazubin da ke sake cika kansa, waɗanda aka yarda da na farkonsu 'yan mil kaɗan a baya, a nan haramun ne. Ko a gundumar hani mutum na iya rataya abincin tsuntsaye cikin yadi 50 daga gidansa, da sharaɗin barewa ba za ta kai gare shi ba. Tsabar da ke zubowa ƙasa ta taru ita ke jawo wa tsofaffi masu son tsuntsaye ziyarar jami'i.

Wanda ya saba da Teksas zai ga duk wannan kamar wasa. Can kusan duk ƙasar a hannun mutane take, koto ya halatta a filin mutum, kuma ganga mai ƙafa uku da ke feso masara safe da yamma tana cikin kayan farauta na yau da kullum. Alabama kuwa tun 2019 sayar da izinin koto take yi, a biya a zuba. Don haka ba za a ce Amurkawa sun yi ittifaƙi cewa harbin dabba a kan abinci rashin mazantaka ne ba. Masu wannan ra'ayi suna nan da yawa, amma a Mishigan da Wiskonsin ba shi ya rubuta dokar ba, cuta ce ta rubuta.

Minesota ce ta bambanta. Daga Superior ana haye gada a shiga Duluth, garin da ya hau tudu yana kallon tafki, na kuwa iso ana shirin buɗe farautar bindiga, wadda a can take rigan ta Mishigan da ta Wiskonsin, kantuna cike da masu riguna da huluna ruwan goro. A nan an hana koton barewa a faɗin jihar tun 1991, kafin CWD ta zama abin magana a yankin, kuma hujjar farko ta adalcin farauta ce da hana wasu janye bareyin jama'a zuwa filayensu. Ciyarwa don kallo ba a hana ta ko'ina ba, sai a gundumomin da cuta ta shafa, inda hanin kan haɗa har da gishiri da turaren jan barewa. A wajen waɗannan gundumomi gishiri da sinadarin lasa ba koto ba ne, sai idan an gauraya su da abinci. Nan ne tarkon yake, don dunƙulen lasa da yawa na kanti suna da madi ko garin hatsi ko tuffa a ciki, kuma wanda bai karanta jikin kwalin ba shi zai amsa.

Amfanin gona da ke tsaye, ko wanda ya zube a wajen girbi na al'ada, ba koto ba ne. Amma a kwaso kabewa ko masara daga gona a tara a gaban maɓoya, ya zama koto ko da daga gonar mutum ya fito. Idan maƙwabci ne ke ciyarwa a filinsa, maharbin da ba shi da hannu a ciki kuma bai yarda da shi ba, ba a kama shi. Wanda aka samu da laifi ana iya ƙwace bindigarsa ko bakansa, ya biya tara, a hana shi lasisin barewa na shekara guda. Kwashe abincin ana gobe farauta kuma ba ya wanke wuri: doka na ɗaukar wurin a matsayin mai koto har kwana 10 bayan an kwashe ƙwayar ƙarshe. Mai gidan daji da ya saba zuba wa bareyi masara duk bazara, idan yana son ya yi harbi a filinsa ranar buɗewa, sai ya share wurin tas tun Oktoba bai ƙare ba.